Lamba Uku, Alkawari Ɗaya: Tarihin Yadda Manhaja ke Dogaro da Manhaja

A ƙarshen kowane wata, ma'aikatan ƙananan asibitoci a ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo, tun daga Getso da Kutama har zuwa Garo, sukan buɗe rajistocinsu su haɗa lissafi: mata nawa suka zo awo, yara nawa aka yi wa allurar rigakafi, mutum nawa gwaji ya nuna suna ɗauke da zazzaɓin cizon sauro. Sai a cike takardar taƙaitawa ta wata, a miƙa wa jami'in tattara bayanai na ƙaramar hukuma, shi kuma ya shigar da alƙaluman cikin DHIS2, manhajar da Najeriya ta ɗauka a matsayin rumbun bayanan lafiyarta na ƙasa. Ta nan ne Kano da Abuja ke ganin inda rigakafi ya ja baya da inda cuta ke neman ɗaga kai.

Abin da jami'in ke gani shafi ne mai gurabe. A ƙarƙashin shafin kuwa akwai jerin manhajoji, kowace ta jingina da wata, kuma kowace jingina tana da sharaɗi: ina aiki da wance, amma sai sigarta ta kaza zuwa kaza. Ranar da aka sabunta ɗaya ba tare da duba sharaɗin sauran ba, shafin na iya ƙin buɗewa. Wani lokaci ma yakan buɗe, ya karɓi alƙaluma, ya ajiye su a gurbin da ba nasu ba, wanda ya fi muni. Wannan matsala ta haura shekara hamsin a duniya, kuma dabarun da aka samo na shawo kanta an koye su ne daga asara.

Mafarkin 1968

A watan Oktoba na 1968, ƙungiyar NATO ta tara masana kwamfuta a garin Garmisch na ƙasar Jamus domin duba dalilin da ya sa manyan ayyukan manhaja ke cin kuɗi da lokaci kuma su ƙare da kurakurai. A can ne Douglas McIlroy na cibiyar bincike ta Bell Labs ya kawo shawarar cewa a daina rubuta kowace manhaja daga tushe. A ganinsa, kamata ya yi a riƙa ƙera ƙananan sassa ingantattu da kowa zai ɗauka ya haɗa, kamar yadda mai ƙera mota ba ya ƙera kowane ƙusa da hannunsa.

Mafarkin ya tabbata fiye da yadda aka zata. A yau, mafi yawan abin da ke cikin manhaja ba mai sunanta ne ya rubuta ba, aro ya yi. Sai dai duk wanda ya taɓa sayen kayan gyaran mota a Ƙofar Ruwa ya san tambayar farko da mai shago zai yi masa: motar ta wace shekara ce? Sunan motar kaɗai bai isa ba, domin sassan ƙirar bana ba lallai su shiga ƙirar shekara biyar da suka wuce ba. Wannan tambaya ce masu rubuta manhaja suka daɗe ba su da tsayayyiyar hanyar yi wa juna.

Azabar DLL, da haruffa masu lanƙwasa

A shekarun 1990, manhajojin Windows sun riƙa yin tarayya a kan wasu fayiloli da ake kira DLL, waɗanda ake ajiyewa wuri guda kowa ya ɗiba. Idan aka ɗora sabuwar manhaja, takan zo da nata kwafin fayil ɗin ta danne wanda ta tarar, ko da wanda ta tarar ɗin ya fi nata sabunta. Washegari sai wata manhaja daban, wadda babu wanda ya taɓa ta, ta ƙi tashi. Masu sana'ar suka laƙaba wa lamarin suna azabar DLL. Kamfanin Microsoft ya rage ta ne da matakai biyu: Windows 2000 ta fara kare muhimman fayiloli daga dannewa, Windows XP kuma a 2001 ta ba da damar sigogi daban-daban na fayil ɗaya su zauna gefe da gefe.

Masu rubutu da Hausa sun ɗanɗani irin tasu azabar a wannan zamani. Allon madannai bai zo da ɓ da ɗ da ƙ ba. Don haka aka ƙirƙiri zanen haruffa na musamman, cikinsu har da waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar. Irin waɗannan zane sukan ɗauki gurbin wata alama da ba a cika buƙata ba su zana harafin Hausa a wurin. Dabarar ta yi aiki, an buga littattafai da ita. Amma rubutun ya dogara da wani abu da ba a rubuta a jikinsa ba. Idan aka kai fayil ɗin wata kwamfutar da ba ta da wannan zane, sai haruffan su koma alamomin da aka ara. Tsarin Unicode ya ba kowane ɗayan waɗannan haruffa lambarsa ta dindindin tun farkon shekarun 1990, amma an ɗauki shekaru kafin kwamfutoci da wayoyi su iya nuna su da rubuta su cikin sauƙi. Darasin azabobin biyu ɗaya ne: dogaron da ba a bayyana ba bashi ne da babu shaida, sai ranar biya ake tunawa da shi.

Rubuta sharaɗi a jikin kaya

Magani na farko mai ɗorewa ya fito ne daga masu manhajar kyauta. Ian Murdock ya kafa aikin Debian a 1993, kuma tsarinsa ya wajabta wa kowane ƙunshin manhaja ya zo da takardar bayani: sunansa, sigarsa, abin da ya dogara da shi, da abin da ba ya jituwa da shi. A 1998 aka fito da APT, manhajar da ke karanta waɗannan takardu, ta bi sarƙar dogaro har ƙarshenta, ta ɗauko duk abin da ake buƙata. Harsunan rubuta manhaja ma suka buɗe nasu rumbunan: CPAN na harshen Perl a 1995, Maven na Java a 2004, npm na JavaScript a 2010.

A daidai wannan lokaci ne aka yawaita wani nau'in manhaja da ba ta tsayawa da ƙafarta, sai dai a goya ta a bayan wata babba ta ƙara mata aiki. Ana iya kiranta manhajar goyo. WordPress, wadda jaridun intanet da yawa ke zaune a kanta, ta buɗe ƙofar manhajojin goyo a 2004. Kowace takan faɗi mafi ƙarancin sigar uwar da take buƙata, da sigar ƙarshe da aka gwada ta a kai. Amma 'yar goyo tana da rauni na musamman: ba ita ke zaɓar ranar da uwa za ta canza tafiya ba. A watan Agustan 2020, siga ta 5.5 ta WordPress ta daina kunna wani tsohon ƙunshi mai suna jQuery Migrate, wanda ke rufa wa tsofaffin rubuce-rubuce asiri. Shafuka masu yawa suka lalace, domin manhajojin goyonsu sun daɗe suna jingine da shi ba tare da masu shafukan sun sani ba. Sai a siga ta 6.5, a 2024, WordPress ta ba manhajar goyo hanyar bayyana cewa ita ma ta dogara da wata 'yar'uwarta.

Rubuta sharaɗi ya haifar da sabuwar wahala. A ɗauka wata manhaja tana goye da biyu. Ta farko ta ce tana son wani ƙunshi daga siga ta 2 zuwa ƙasa da ta 3. Ta biyu ta ce ita sai siga ta 3 ko sama. Idan gida ɗaya ne kuma kwafi ɗaya kawai zai zauna, babu sigar da za ta gamsar da su duka. Dole a jira mai ta farko ya sabunta tasa, ko a haƙura da ɗaya. Da manhajoji biyu, mutum na iya warware wannan da ido. Da ɗaruruwa, lissafi ne mai nauyi. A tsakiyar shekarun 2000, masu bincike a Turai, cikinsu har da Roberto Di Cosmo, sun nuna cewa gano jerin sigogin da zai cika dukkan sharuɗɗa yana cikin rukunin matsalolin da har yau ba a san gajeriyar hanyar warware su a kowane hali ba. Shi ya sa pip, mai ɗora ƙunshin harshen Python, sai a ƙarshen 2020 ya samu cikakken mai warware saɓani. Kafin nan yana iya ɗora abubuwan da ba sa jituwa, ya bar mai aiki da jidali.

Lamba ta zama alkawari

Sharaɗin siga ba shi da amfani idan lambar ba ta da ma'ana. Mudu yana aiki a kasuwa ne saboda mai saye da mai sayarwa sun yarda da girmansa. Tom Preston-Werner, ɗaya daga waɗanda suka kafa GitHub, ya rubuta ƙa'idar da ake kira SemVer, wadda sigarta ta 2.0.0 ta fito a 2013. Ƙa'idar ta ce lambar siga ta kasu uku, misali 4.2.7. Idan ta ƙarshe ta ƙaru, gyaran kuskure aka yi. Idan ta tsakiya ta ƙaru, an ƙara sabon abu amma tsohon yana nan yadda yake. Idan ta farko ta ƙaru, an karya wani abu da gangan, wanda ya dogara da shi ya shirya.

Da wannan ne mai rubuta manhaja zai iya cewa: na yarda da duk sigar da ta fara da 4, daga 4.2.7 zuwa sama. Ya buɗe ƙofa ga gyare-gyare, ya rufe ta ga canjin da zai karya shi. Amma ƙa'idar alkawari ce tsakanin mutane, babu alƙalin da ke tilasta ta. Wani yakan karya abu bisa kuskure a ƙaramar siga. Wani kuma abin da ya ɗauka kuskure ne ya gyara, ashe wasu sun gina aikinsu a kan kuskuren. Idan kuwa lambar farko ta ƙaru, ƙaurar na iya cin shekaru. Python 3 ta fito a watan Disamban 2008, amma ba a daina kula da Python 2 ba sai 1 ga Janairun 2020, domin kowa yana jiran waɗanda ya dogara da su su riga shi ƙaura.

Layi goma sha ɗaya

Ranar 22 ga Maris, 2016, wani mai rubuta manhaja, Azer Koçulu, ya janye ƙunshinsa sama da 250 daga rumbun npm, bayan rumbun ya karɓe sunan ɗaya daga cikinsu ya ba kamfanin Kik. A cikin waɗanda ya janye akwai left-pad, rubutu mai layi 11 da aikinsa kawai shi ne cike gurbi a gefen hagu na kalma. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Manyan ayyuka irin su Babel sun dogara da shi ta hanyar wani ƙunshin, don haka dubban ayyuka a faɗin duniya suka tsaya.

Abin lura shi ne abin da ya biyo baya. Cikin 'yan mintuna wani ya sake ɗora irin rubutun da sunan left-pad, amma da lamba 1.0.0. Bai wadatar ba, domin wani ƙunshi a tsakiyar sarƙar ya ɗaure kansa da siga 0.0.3 daidai, ba ya karɓar wata. Sai da npm ta dawo da tsohuwar sigar da kanta, bayan kimanin sa'o'i biyu da rabi, sannan ta tsaurara dokar janye ƙunshi.

Shekarun nan ne kuma suka yaɗa abin da ake kira fayil ɗin kulle. Bundler na harshen Ruby ya zo da shi a 2010, Yarn a 2016, npm kuma ta mayar da shi al'ada a 2017. Hikimarsa ita ce raba abu biyu da aka daɗe ana cakuɗawa. Takarda ɗaya tana faɗin abin da aka yarda da shi, mai faɗi. Ta biyu tana rubuta ainihin sigar kowane ƙunshi da aka gwada aka ga yana aiki, har da na can ƙasan sarƙa. Da ita, abin da aka ɗora a Kano yau zai zama daidai da wanda za a ɗora a Abuja wata mai zuwa, kuma sabuntawa ta zama shawarar da mutum ya yanke da saninsa.

Gaba kura, baya sayaki

Kullewa tana kawar da ba-zata, amma tana da nata haɗarin, domin wanda ya kulle ya manta yana zaune ne da tsohon rami. A watan Maris na 2017 aka fitar da gyaran wata ɓaraka a ƙunshin Apache Struts. Kamfanin Equifax na Amurka bai ɗora gyaran a inda ya kamata ba, ɓarayin intanet suka shiga, bayanan mutum kusan miliyan 147 suka fita. A watan Disamban 2021 kuma aka bayyana ɓaraka a Log4j, ƙunshin Java da 'yan sa-kai ke kula da shi, wanda aikinsa rubuta tarihin abin da manhaja ke yi. Tambayar da ta hana ma'aikatu barci a makon ita ce ko suna da shi ma, domin sau da yawa yana can ƙasa, wani ƙunshi ne ya jawo wani, wanin ya jawo shi. Kafin watan ya ƙare an fitar da gyara har sau huɗu, daga 2.15.0 zuwa 2.17.1.

Gaggawar sabuntawa ma ta yi tata ɓarnar. Ranar 19 ga Yulin 2024, kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya tura wani ƙaramin sabuntawa ga abokan cinikinsa lokaci guda. Binciken kamfanin ya nuna cewa sabon fayil ɗin ya nemi bayani na 21, alhali manhajar da ke karanta shi 20 take bayarwa. Microsoft ta ƙiyasta na'urori miliyan 8.5 ne suka durƙushe, jiragen sama suka kasa tashi, asibitoci suka koma takarda.

Najeriya ma ta ga irin nata. Ranar 14 ga Mayun 2025, shugaban hukumar JAMB, Farfesa Is-haq Oloyede, ya bayyana wa manema labarai cewa wani gyara da aka yi wa manhajar jarrabawa bai hau kan wasu na'urori yadda ya kamata ba. Sakamakon haka ya shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas, kuma sai da suka sake zama. Wani sashen tsarin ya koma sabuwar siga, wani ya tsaya a tsohuwa, kuma kukan ɗalibai da iyaye ne ya tono abin.

Sarƙar da ta isa yammacin Kano

DHIS ta samo asali ne a Afirka ta Kudu bayan faɗuwar mulkin wariya, daga haɗin gwiwar Jami'ar Western Cape da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway. Zubinta na farko ya zauna ne a kan Microsoft Access, kowace kwamfuta da nata kwafin, ana tura fayil daga ofis zuwa ofis. Najeriya ta fara da wannan zubi a shekarun 2000. DHIS2, wadda aka fara amfani da ita a jihar Kerala ta Indiya a 2006, an sake rubuta ta ne da Java domin ta zauna a babbar kwamfuta guda, wato saba, kowa ya shiga ta intanet. Najeriya ta koma kanta a farkon shekarun 2010.

Komawar ta kashe matsala ɗaya: ba a ƙara samun Gwarzo da wata siga, Kabo da wata ba, tunda duka saba ɗaya suke shiga. Amma ta tara nauyin wuri guda. DHIS2 tana dogaro da Java, da Tomcat mai ɗauke da ita, da rumbun PostgreSQL, kowanne da sigar da ake buƙata. Siga ta 41, wadda ta fito a 2024, ba ta tashi sai da Java 17. A samanta akwai manhajojin goyo na zana taswira da haɗa rahoto, kowace da sigar uwar da ta dace da ita, sannan akwai manhajar wayar Android da ita ma take da iyakar sigogin sabar da take magana da su. Masu kula da ita suna fitar da gyara ne ga manyan sigogi uku na baya-bayan nan kawai, don haka ƙasar da ta daɗe ba ta sabunta ba takan fita daga inuwar. Lokacin ɓarakar Log4j su ma sun fitar da gyaran gaggawa. Ko lambarta tana da darasi: shekaru da yawa ana kiran sigoginta 2.30, 2.35, 2.39, alhali lambar tsakiya ce ke ɗauke da babban canji, har a 2023 aka fara kiranta siga ta 40 kai tsaye. Wanda ya karanta ta da idon SemVer zai ɗauka ƙaramin canji ne.

Zoben ƙarshe na sarƙar takarda ce. Rajistoci da takardun taƙaitawa na tsarin bayanan lafiya na ƙasa su ma suna da siga: an yi bitarsu a 2013, aka sake a 2019. Idan guraben saba sun koma sabon tsari, amma asibitin ƙauye yana cike tsohuwar rajista saboda ita ce a hannunsa, saɓanin siga ne irin na DLL, sai dai a nan babu saƙon kuskure da zai fito a allo. Jami'i ne zai yi ƙoƙarin cusa alƙaluman tsohon gurbi cikin sabo, kuma da wannan lissafin za a tsara rabon allura da magani.

Abin da shekaru hamsin suka bari

Dabarun da suka tsira daga wannan tarihi kaɗan ne, kuma kowace tana da asarar da ta haife ta. A rubuta duk abin da aka dogara da shi, har da na can ƙasa, kamar yadda Log4j ta tilasta. A bar sharaɗi da ɗan faɗi, amma a kulle ainihin abin da aka gwada. Kafin a taɓa uwar manhaja, a bi 'yan goyonta ɗaya bayan ɗaya a tabbatar kowace tana da sigar da ta dace da sabuwar. A gwada a sabar gwaji da kwafin bayanai na gaske, a ajiye kwafin ajiya, a san hanyar komawa baya. A fara da rukuni kaɗan kafin a watsa ga kowa, sannan a tabbatar gyaran ya hau kowace na'ura. A riƙa sabuntawa kaɗan-kaɗan a kan kari, domin tsallake siga biyar lokaci guda ya fi taka su ɗaya-ɗaya haɗari.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar shugaban ma'aikata ya iya rubuta manhaja. Abin da suke buƙata shi ne kasafi da kwangila. Ma'aikatun gwamnati da makarantu da kafafen yaɗa labarai sukan ware kuɗin ƙaddamar da manhaja, su manta da kuɗin rainonta, ɗan kwangila ya tafi da sanin abin da ke cikinta. Duk wanda zai sa hannu a irin wannan takarda yana da tambayoyi huɗu da ya cancanci a amsa masa a rubuce: da me wannan manhaja ta dogara, yaushe za a daina kula da sigogin da take kai, wa zai sabunta su kuma da kuɗin wa, sannan idan sabuntawar ta ɓaci, cikin sa'a nawa za a dawo da ta jiya.